Tambaya da Amsa: Kiɗan Jitata Yana Dagulewa Idan Na Ƙara Sauri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa, kuma watanni huɗu ke nan da na sayi jitar lantarki ta gwanjo tare da ƙaramar amfilifaya. Ina koyon wata waƙar hebi metal, wato salon kiɗan jita mai nauyi da kaushin sauti, amma da zarar na bi saurinta sai kiɗan ya dagule ya koma hayaniya, yatsuna kuma su yi ta raɗaɗi. Shin jitar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina kyautata zaton jitarka lafiyarta ƙalau, matsalar tana hannun da ke kaɗa tsirkiya, wanda masu koyo kan manta da shi saboda hankalinsu ya tafi ga yatsun da ke danna wuyan jitar.

Nauyin wannan kiɗa yana fitowa ne daga danne amon tsirkiya. Ka ɗora gefen tafin hannunka, ɓangaren ƙaramin yatsa, a kan tsirkiyoyi daidai inda suka hau gadar jita, wato ƙarfen da ke riƙe da su a jikin jitar, sannan ka kaɗa zuwa ƙasa da motsin wuyan hannu kawai. Idan ka matsa gaba da yawa wajen wuyan jitar sautin zai mutu murus, idan kuma ka ja baya tsirkiyoyin za su ci gaba da amo su cakuɗe da juna, wato hayaniyar da kake ji. Sai ka lallaɓa har ka sami wurin da sautin ke fita gajere mai kauri. Yawancin irin waɗannan waƙoƙi an gina su ne a kan sauti biyu da ake kaɗawa tare: manuniya a gaɓa ta 5 ta tsirkiya mafi kauri (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyan jita, ana ƙirgawa daga kan jitar), yatsan da ke kusa da ƙarami a gaɓa ta 7 ta wadda ke bi mata, sauran huɗun kuma a kwantar musu da cikin manuniya domin su yi shiru. Wanda ya taɓa sauraron gwanin gurmi ya san abin da tsirkiya biyu za su iya yi.

Ka rage maɓallin amfilifaya da ke sa sauti kaushi zuwa rabi, domin yawansa yana ɓoye maka kurakuranka. Ka sauke manhajar metronom, mai ba da bugu a jere domin daidaita sauri, a wayarka, ka sa ta a bugu 60 a minti ɗaya, ka yanki guntu ɗaya na waƙar ka maimaita shi har ya fita tsaf sau biyar a jere kafin ka ƙara bugu biyar. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda matasa suka fi gaggawar tsallakewa. Ko wuta ta ɗauke kada ka ajiye jitar, domin atisaye ba amfilifaya yana tona duk bugun da bai zauna ba.

Raɗaɗin yatsu zai ragu idan suka yi kanta, kuma minti 20 kowace rana ya fi awa uku a rana guda. Tsirkiyoyi sirara masu lamba 9 a ma'aunin kauri za su sauƙaƙa maka. Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, wadda ta fito daga Birmingham ta Ingila ta kuma fitar da faifanta na farko a 1970, ya rasa kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, sai ya koma ga sirara ya kuma sassauta ɗaurinsu, abin da ya ƙara wa sautinsa nauyi.

Abu ɗaya da ya shafi jitar kanta shi ne yanayinmu. Bushewar hunturu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, suna iya lanƙwasa katakon wuya har tsirkiyoyi su yi nisa da shi, dannawa ta yi wahala. Ka riƙa ajiye ta cikin jakarta nesa da rana, idan kuma ka ga tazarar ta yi yawa ka kai wa mai gyara ya daidaita ƙarfen da ke cikin wuyan, kada ka murɗa shi da kanka.