Amsar murya: manhajar Android da ta ƙi shiga intanet bayan an fitar da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan uwa da ya yi tambaya ɗazu, ka ce manhajarka tana jawo bayanai daga saba (server, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan) lafiya lau lokacin gwaji a kwamfuta, amma da ka fitar da ita ka ɗora a waya sai ta tsaya cik, alhali akwai data a wayar. Na ga gara in yi murya, rubutu zai yi tsawo.

To, fara da izini. Buɗe AndroidManifest.xml, fayil ɗin da ake rubuta izinin da manhaja ke bukata, ka nemi android.permission.INTERNET. Shi ba irin izinin kyamara ba ne da akwati ke fitowa a tambayi mai waya. Tun lokacin girkawa ake ba da shi, muddin ka rubuta. In ba ka rubuta ba kuwa, babu mai tuna maka, ƙofar ce kawai za ta ƙi buɗuwa. Kuma in da Flutter, kayan gina manhaja na Google, ka gina ta, to ni nan na fi zargi. Flutter tana saka izinin da kanta a manifest na debug da na profile, wato na gwaji, saboda kayan gwajinta suna bukatarsa, amma ba ta saka shi a na main, wato babban manifest ɗin. Sai komai ya yi ta tafiya daidai har ranar da ka fitar da release, wato wadda za a ba jama'a, ka ga kuskuren Failed host lookup. Shiga android/app/src/main, ka buɗe manifest ɗin da ke ciki, ka ƙara layin izinin a saman application, a wajensa ba a cikinsa ba, ka sake ginawa.

Sai adireshin sabar. Idan 10.0.2.2 ka sa, wannan lambar emulator, wato wayar gwaji ta cikin kwamfuta, ce kaɗai ta san ta, ita ce hanyarta ta zuwa kwamfutarka. Wayar gaske ba ta san da zamanta ba. Idan localhost ka sa, wayar kanta take kira. Sannan duba farkon adireshin: http ne ko https? Tun Android 9, na 2018, manhajar da aka saita kan API 28 (lambar matakin Android 9 ke nan) zuwa sama ba a barinta ta yi magana da http tsirara sai ka buɗe mata. Za ka ga kalmar CLEARTEXT a cikin kuskuren. Wasu sai su sa usesCleartextTraffic ya zama true su wuce abinsu. Kar ka yi, ka bar gida gaba ɗaya a buɗe ke nan. Sa wa sabar takardar https, in kuma gwaji ne, yi fayil ɗin network_security_config ka buɗe wa adireshin gwajin shi kaɗai.

Kiran intanet a kan babban zare (main thread, wanda ke kula da allo) kuwa an hana shi tun Android 3.0, NetworkOnMainThreadException za ka samu. Kai shi bayan fage, shi ke nan.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara, har waɗanda ba su yi tambaya ba. Haɗuwa daban, intanet daban. Waya tana iya nuna sandunan Wi-Fi a cike, amma na'urar da ta haɗu da ita ba ta kai ko'ina, ko tana jiran a shiga wani shafi a sa kalmar sirri. Layi yana iya nuna 4G alhali data ta ƙare. Tsohuwar hanyar nan ta getActiveNetworkInfo da isConnected za ta ce maka akwai haɗi, kuma ba ƙarya ta yi ba, ba abin da kake nema ba ne dai. An ma yi mata ritaya a Android 10. Abin yi shi ne ka ƙara izinin ACCESS_NETWORK_STATE, ka ɗauki ConnectivityManager, ka kira registerDefaultNetworkCallback, wanda yake nan tun API 24. A cikin onCapabilitiesChanged za ka ga tuta biyu masu kama da juna. NET_CAPABILITY_INTERNET cewa take an tsara hanyar don ta kai intanet. NET_CAPABILITY_VALIDATED ita ce ke cewa wayar ta gwada da kanta kuma ta isa. Ta biyun za ka riƙe. Kuma kar ka manta da unregister, wato soke rajistar, idan allon ya rufe, domin Android ta ƙayyade irin wannan rajista guda 100 ga kowace manhaja. Mai yin rajista duk lokacin da allo ya buɗe bai soke ba, wata rana manhajar za ta faɗi ya rasa dalili.

Duk da haka ni ban yarda a mai da wannan dubawar mai gadin ƙofa ba. Tsakanin ka duba da ka aika, mutum ya shiga lif, haɗi ya yanke. Aika buƙatarka kawai, ka shirya wa faɗuwarta. OkHttp, kayan aika buƙatun intanet, yana zuwa da wa'adin jira na daƙiƙa 10 na haɗawa, 10 na karantawa, 10 na rubutawa. Ga mai loda hoto a hanya mai rauni ƙara masa. In ta faɗi, jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, ka tsaya bayan 'yan gwaji. Amma buƙatar biyan kuɗi kar ka maimaita ta ido rufe, wataƙila ta isa, amsar ce ta ɓace a hanya. Sa mata lamba ta musamman don saba ta gane ta in ta dawo.

Idan kuma sai an kashe allo take daina aiki, Doze ne, tsarin tattalin batir, tun Android 6.0: waya ta kwanta, an yanke wa manhajoji intanet sai ɗan lokaci-lokaci. Data Saver na Android 7.0 ma yana hana ayyukan bayan fage amfani da data. Ba ka da ikon yin faɗa da su. Ba wa WorkManager, mai tsara ayyukan bayan fage, aikin da sharaɗin NetworkType.CONNECTED, ko UNMETERED in kayan da nauyi, ka sani in aiki mai maimaituwa ne, mafi ƙarancin zagayensa minti 15 ne.

Jona wayar da kebul, ka kunna adb logcat, mai nuna rahoton abin da ke faruwa a wayar, ka danna maɓallin da ke maƙalewa, ka turo mana layin farko da ya ce Exception da ukun da ke ƙarƙashinsa. Goge adireshin sabarka da duk wani token, wato lambar sirri ta shiga, kafin ka turo.