Amsa ga mai gyaran ɗakin Inna: kar ka jira kaya su sauka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina kwananku, ina gajiya. To ƙanena, na saurari saƙonka har ƙarshe. Ka ce ɗakin Inna can unguwar Bagalam ta Maradi ya tsage daga kusurwa, rufi yana yoyo, magini ya yi maka lissafi ya kusa ninka wanda ya yi maka shekarun baya, kana tambaya ko ka dakata sai kaya sun sauka. Ni dai abin da na ji cikin muryarka, zargin maginin kake, kana ganin so yake ya cuce ka. To shi zan amsa.

In dai lissafin da ka karanto muna ne, bai cuce ka ba. Shekara da shekaru ina wannan sana'a ta gini, na san abin da nake faɗi. Mu nan Maradi ba mu da teku, kowa ya sani. Da can kaya daga Kwatano suke tasowa, su ƙetare gadar Malanbil, su shigo Gaya, Doso, Ƙonni, sai ga su gida. Tun da anka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, iyakoki sunka rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hanyar Najeriya ta buɗe, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe. Sai kaya sunka koma Lome, su ratso Burkina, su faɗo Tera, su iso Yamai, sannan a sake ɗauko su kilomita sama da 600 zuwa nan. Manyan motoci su yi ta jira sai an tara ayari soja sun raka su. Kowace kwana da mota ta yi tsaye, kai mai sayen kwano da fenti kai za ka biya ta.

Na san wani zai ce ai kayanmu daga Kano da Katsina suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma naira ta faɗi, ya kamata mu samu sauƙi. E, naira ta faɗi, sefa ta yi ƙarfi a kanta. Amma Tinubu ya cire tallafin mai tun Mayun 2023, can ma komai ya tashi, kuɗin mota ya tashi, mai masana'anta ya ƙara. Abin da ka samu wurin canji, hanya ta cinye shi kafin ya iso kasuwa.

Siminti kam an rage, gaskiya ne. Bayan ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje, gwamnati ta sa farashi a watan Oktoba, tan guda na siminti mai lamba 32.5 a Maradi jaka 57. Tan buhu 20 ne, ka ga buhu ya kama jaka 2 da dala 170 ke nan a takarda. Muna da na Malbaza, muna da na Badagishiri, Alhamdulillahi. To amma siminti kaɗai ba ya yin ɗaki. Yashi fa? Tsakuwa fa? Ƙarfe, katako, ƙusa, waya, ruwan da za ka saya wurin 'yan ga-ruwa? Leburan da ke kwaɓa maka tun safe har la'asar, shi ma tiyar hatsi yake saye ya kai gida, ba za ka ba shi kuɗin da ba ka ce ya yi haƙuri. Ga shi tun bayan ambaliyar kowa gyara yake, magini na kirki sai ka yi layi.

Abin da nake jin tsoro gare ka shi ne ka bar wanga magini ka tafi wurin wanda zai ce maka zai yi rabin kuɗi. Daga ina rabin zai fito? Daga cikin bulo zai fito, wallahi. Wannan abu yana ci mini rai. Buhu guda na siminti, bulo mai kaurin santimita 15, ni a hannuna ba ya wuce guda 30. Yanzu sai ka ga yaro ya buga 50, wani har ya zarce, ya jera su ga rana bakin hanya, ba ban ruwa, kwana biyu amalanke ya zo ya kwashe. Bulo yana son ruwa safe da marece aƙalla mako guda. Kankare ma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, wannan duk wanda ya koyi aiki ya sani.

Akwai wata ƙanwata a unguwar Zariya, mijinta ya rasu, ta tara kuɗin adashi ta ce za ta zagaye gidanta da katanga. Ina wani aiki wajen Tibiri lokacin, kafin in dawo wani ya yi mata daɗin baki, ya kawo bulonsa mai araha, ya ɗora. Da na je gani, na sa farce na kankari guda, yashi ya zubo mini cikin tafin hannu kamar garin tuwo. Na ɗauki wani da ya rage na sake shi daga gwiwa, ya watse. Na ce mishi bawan Allah, wannan marainiyar katanga ka gina wa marayu? Ya ce ai kowa haka yake yi. Kowa! Damina guda, ruwan Agusta ya zo da iska, gefen gabas ya kwanta gaba ɗaya, Allah ya tsare yara suna ɗaki. Kuɗin adashi ya tafi, anka sake sayen siminti, anka sake biyan lebura. Mutumen har yau yana nan yana buga bulonsa, in ya hange ni sai ya sunkuyar da kai. Kuma mutane suna saye. Shi ya sa duk wanda ya ce mini araha, sai in ce ya kawo bulon in gani tukuna, araha ba ta ado. Kuma ba wai... to, bari dai in bar maganar nan, in na kama ta sai mu kai azahar.

Ina muke? Yauwa, jira. Kar ka jira. Tsaga ba ta jiran farashi, kowace damina ƙara buɗewa take, kuma mahaifiya ce ke kwana ciki. Tsaga daga kusurwa, galibi ruwa ne ke cin gindin bango. Ku da ke ƙasa wajen Bagalam kun fi kowa sani, tsohon gari ma ai ruwan Gulbi ne ya cinye shi a 1945 har anka hau tudu. Je ka duba inda indararo ke zuba. In ruwa na kwanciya jikin bango, ko ka shafe tsagar sau nawa za ta dawo. A tona gindin, a cika, a yi mishi kankare na gaskiya, buhu guda, baro guda na yashi, baro biyu na tsakuwa, a karkata ƙasa ruwa ya bi waje. Daga nan a hau rufi. Fenti da tayil da silin, waɗannan su ne za su iya jiranka har baɗi, ba abin da zai same su.

In kuɗin ba su kai ba, saya kaɗan kaɗan. Kwano da ƙarfe ka iya ajiye su ɗaki in ba laima. Siminti kar ka tara shi, sai aiki ya tashi, in ya sha sanyin ƙasa dutse zai zama. In dole ne, ɗora shi bisa katako, nesa da bango.

Af, bari in gyara magana guda. Na ce bai cuce ka ba, amma ban ji ka raba kuɗin kaya da kuɗin hannu ba, dunƙule ka faɗo su. Ce mishi ya rubuta maka daban daban, buhu nawa, ƙarfe mai lamba nawa, sanda nawa, kwano nawa, sannan ladansa shi da yaransa. Magini na gari ba ya jin haushin wannan. Ka ɗauki takardar ka zaga shago uku da ƙafarka, kai ka sayo, kai ka ƙirga lokacin da ake saukewa. Kuma ranar kwaɓi ka tsaya wurin, ko ka sa wani babba ya tsaya.

Turo mini hoton takardar da hoton tsagar, daga ciki da daga waje, ka ɗauko har gindin bangon. In na samu sarari ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan biyo in gaida Inna in duba da idona. A gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.