Auren Jinsi da Dokokin Jihohin Amurka: Amsa ga Yayana daga Bronx

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Tambayar da ka aiko mini ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, in ya so ka karanta wa 'yan majalisarku. Ka ce ana faɗa a gida wai a Amurka gwamnati na tilasta wa limamai su ɗaura auren namiji da namiji, wanda ya ƙi a garƙame masa masallaci, kuma kana son jin yadda mu Hausawan nan muke zaune da abin. Maganar tilasta wa liman ba ta da tushe. Amma cewa doka ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar, wannan gaskiya ne tun 2015, kuma kafin a kai nan sai da aka yi shekara ashirin da 'yan kai ana kai ruwa rana, jiha bayan jiha.

A ƙasar nan tun asali aure harkar jiha ce. Jihohi 50 ne, kowace da majalisarta, da kotun ƙolinta, da nata kundin tsarin mulkin. Ita ke faɗin shekarun aure, ita ke faɗin wa zai auri wa. Auren zumunci irin namu, ɗan wa da 'yar ƙani, New York ta yarda da shi, Texas ta hana. Kai da ka ga lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, jihohi suka riƙa bin sahu, lauyoyi na ta musu kan ko tsarin mulkin tarayya ya yarda, ba za ka sha wuyar gane wannan rigima ba: ina ikon jiha ya tsaya, ina na tarayya ya fara.

Daga Hawaii wutar ta tashi. A 1993 kotun ƙolin jihar ta ce hana masu jinsi ɗaya lasisin aure yana iya zama wariya, sai dai in gwamnati ta kawo ƙwaƙƙwarar hujja. Hankalin sauran jihohi ya tashi, domin bisa al'ada auren da aka ɗaura a wata jiha sauran na karɓarsa. A 1996 majalisar tarayya ta yi dokar da ake kira DOMA, Bill Clinton ya sa hannu: a wurin tarayya aure na namiji ɗaya ne da mace ɗaya, kuma babu jihar da za a tilasta wa ta amince da auren jinsin da aka ɗaura a wata. Massachusetts ce ta fara halattawa, bayan alƙalai 4 sun rinjayi 3 a Nuwamban 2003, aka fara ba da lasisi a Mayun 2004. A ranar zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekarar, jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar rubuta haramcin a kundin tsarin mulkinsu, don kada gobe wani alƙalin jiha ya taɓa shi. Daga nan aka shiga ja-in-ja tsakanin alƙalai da masu zaɓe. A Kalifoniya kotu ta halatta a Mayun 2008, ma'aurata kusan 18,000 suka karɓi takarda, a Nuwamba kashi 52 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce ba su yarda ba. A Iowa alƙalan kotun ƙoli duka suka halatta a 2009, shekara na zagayowa jama'a suka tuɓe uku daga cikinsu da ƙuri'a. Sai a 2012 aka ga Maine, Maryland da Washington sun amince da shi a akwatin zaɓe, ba ta hannun kotu ba.

Ta New York kuwa a kan idonmu aka yi. Majalisar dattawan jiha ta yi watsi da ƙudurin a 2009, ta dawo ta amince da shi a Yunin 2011 da ƙuri'a 33 da 29, Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a daren. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen ƙi shi ne sanata Ruben Diaz, ɗan nan Bronx, yankinmu a birnin New York, fasto, kuma shi kaɗai ne ɗan jam'iyyar Dimokurat da ya ce a'a. Ya haɗa gangami a Bronx, jikarsa, wadda ita kanta 'yar maɗigo ce, ta fito cikin masu adawa da shi. Ya rungume ta a bainar jama'a, ya ce yana ƙaunarta, amma bai sauya ƙuri'arsa ba. Ka ga ke nan har cikin gida ɗaya rigimar ke ratsawa. Kuma dokar ba ta wuce ba sai da aka rubuta a cikinta ƙarara cewa ba za a tilasta wa malamin addini ya ɗaura auren da addininsa bai yarda da shi ba, ba kuma za a hukunta masallaci ko coci don sun hana zaurensu.

Za ka ce to me masu auren jinsin suke nema a wurin gwamnati? Takarda. A nan takardar aure ce ke faɗin wa zai ci gado, wa zai shiga inshorar lafiyar wa, wa likita zai tuntuɓa idan mutum ya fita hayyacinsa, wa zai nema wa wani katin zama. Wata dattijuwa 'yar New York, Edith Windsor, abokiyar zamanta da suka yi aure ta rasu ta bar mata dukiya, tarayya ta caje ta harajin gado fiye da dala 363,000, wanda da miji ne ya rasu ya bar mata ko sisi ba za ta biya ba. A kan ƙararta Kotun Ƙoli ta tarayya ta rushe ginshiƙin DOMA a 2013. Shi kuma Jim Obergefell na Ohio, abokin zamansa na kwance yana ciwon ajali, suka hau jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa Maryland, aka ɗaura musu a cikin jirgin a filin sauka, suka juyo gida, Ohio ta ce ba za ta rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwa ba. A kan ƙararsa, ranar 26 ga Yunin 2015 alƙalan Kotun Ƙoli 5 suka rinjayi 4, aka wajabta wa kowace jiha ta ba da lasisin. Alƙalin Alƙalai John Roberts yana cikin huɗun. Ya ce wannan hukunci na jama'ar kowace jiha ne, ba na alƙalai ba, ya kuma ce hujjar da rinjayen suka kafa tana iya hawa kan auren mace fiye da ɗaya. A nawa ganin, a wannan gaɓar ya faɗi gaskiya, kuma har yau ban ji amsar da ta gamsar da ni ba.

Yanzu bari in zo kanmu. Mu Hausawan Bronx, da yawanmu 'yan zangon Kumasi ne da Nima a Ghana, ga 'yan Nijar, ga mu 'yan Najeriya. Aurenmu ranar Asabar ko Lahadi muke ɗaurawa bayan Azahar, don ranar aiki ba mai samun fita. Sau da yawa waliyyin amarya yana can gida, sai ya wakilta wani, a ajiye waya a kan darduma gaban liman yana ji da kunnensa. A nema, a bayar, a ƙirga sadaki da dala a gaban shaidu, a shafa fatiha, a raba goro da dabino da alewa. Babu ɗan sanda ko jami'in da ya taɓa leƙowa ya tambayi liman wa ya ɗaura wa, wa ya ƙi. Takardar gwamnati kuma a ofishin magatakardan birni ake karɓa, a biya dala 35, a jira awa 24 kafin a yi amfani da ita. A bencin jira kana iya tarar da maza biyu riƙe da furanni a gefenka, kowa na sauraren a kira lambarsa, ba mai ce wa wani uffan. Idan liman ya yi rajista da birni, shi ne ma zai sa hannu a kan lasisin, a gama da addini da hukuma a zama ɗaya.

Wanda doka ta ɗaure wa hannu shi ne ma'aikacin gwamnati. Kim Davis, akawun wata ƙaramar hukuma a Kentucky, ta ƙi ba da lasisi saboda addininta, alƙali ya tsare ta kwana 5 a Satumban 2015. Ina jin irin labarinta ne ke isowa gida ya rikiɗe ya koma na limamai. Haka direban tasinmu ko 'yar'uwarmu mai kula da tsofaffi a gida, ba su da ikon cewa ba za su yi wa wane aiki ba.

Inda takalmin ke matsa mana shi ne ƙarin aure. Duka jihohi 50 sun hana, Utah ma ba a karɓe ta a matsayin jiha ba a 1896 sai da ta haramta shi. Ko dokar da Joe Biden ya sa wa hannu a Disamban 2022, wadda ta wajabta wa kowace jiha ta amince da auren jinsin da aka ɗaura a wata, ta faɗi ƙarara cewa ba ta haɗa da auren fiye da mutum biyu ba. Matar da aka ɗaura wa aure a masallaci a matsayin ta biyu, a wurin hukuma ba matar kowa ba ce. Mijin ba zai nema mata katin zama ba, in ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba kotu ba ta san da ita ba. Na ga baiwar Allah da wannan ya faɗa wa, tana cikin takaba ana ce mata ta nemi wurin zama. Wannan ya fi auren jinsi taɓa gidajenmu nesa ba kusa ba, amma ba shi ake tambayarmu daga gida ba.

Aƙidata tana nan yadda Baba ya koyar da mu: aure na namiji ne da mace, haka nake faɗa wa 'ya'yana. Amma ban yarda su zagi kowa ko su ɗaga wa kowa hannu ba. Tsarin mulkin da aka kafa hujja da shi aka ba masu auren jinsi takarda, shi ne ya hana a taɓa masallacinmu da hijabin matanmu. A 2017, da aka hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shigowa, cikin waɗanda suka cika filin jirgin JFK suna zanga-zanga dominmu har da su, kuma haƙƙin maƙwabci bai faɗi don ya saɓa maka ba.

Damuwarmu ta gaske makaranta ce. Yaro ɗan shekara biyar ko shida ya dawo da littafin labarin bikin maza biyu, ya tambaye ka abin da ba ka shirya amsa masa ba tukuna. A wata gunduma ta Maryland iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗa kai suka kai ƙara, saboda an janye musu damar fitar da 'ya'yansu daga irin wannan darasi. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli, alƙalai 6 da 3, ta goyi bayan iyayen, kuma sunan wani uba Musulmi, Mahmoud, ke kan shari'ar. Mu a nan abin da muke yi shi ne Islamiyya Asabar da Lahadi, da halartar taron iyaye ko da mutum ya kwana yana tuƙi, wasu kuma su tura yaro gida ya yi shekara biyu ko uku. Ni ma ina wannan tunanin a kan babban yarona. Don Allah ka duba mini makarantar da ke haɗa boko da hadda kusa da ku, ka ji kuɗin zango da yadda kwanansu yake, sai mu yi magana da uwarsa.