Me ya sa alminiyum ɗinmu ya yi laushi bayan FSP?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne. Na karanta cewa dabarar FSP (friction stir processing, wato cakuɗa ƙarfe ta hanyar gogayya) tana ƙara wa alminiyum ƙarfi, amma da muka gwada ta a kan farantin alminiyum nau'in 6061-T6 sai taurinsa ya ragu. A ina muka yi kuskure?

Amsa: Ba ku yi kuskure ba, ɗalibi. Halin 6061-T6 ke nan.

Dabarar ta samo asali ne daga waldar gogayya da cibiyar TWI ta Ingila ta ƙirƙiro a 1991. Kayan aikin wani ƙarfe ne mai faffaɗar kafaɗa da ɗan tsinke a ƙasa. Yana juyawa, sai a nutsa tsinken cikin faranti a ja shi gaba. Zafin wurin kan kai digiri 400 zuwa 500 a ma'aunin Celsius, alhali alminiyum zalla sai a 660 yake narkewa. Wato ba narkewa yake yi ba, laushi yake yi tsinken ya cakuɗa shi. In ka yanka wurin ka duba a madubin ƙara girma, za ka ga manyan ƙwayoyin ƙarfen sun koma ƙanana, 'yan mikiron kaɗan (mikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita).

Wanda ya fi cin moriyar wannan shi ne alminiyum na zubi, irin su A356. Cikinsa akwai ramukan iska da silikon mai siffar allura, kuma daga nan tsagewa ke farawa. Cakuɗawar tana toshe ramukan, ta farfasa alluran ta watsa su, sai ƙarfen ya riƙa miƙewa kafin ya karye, ya kuma daɗe yana jure jijjiga.

Naku kuwa ƙarfinsa daga wasu mitsi-mitsin ɓurɓushin magniziyam da silikon yake, waɗanda aka samar ta hanyar gashi a wajen digiri 175. Zafin FSP yana sa su saje da alminiyum ɗin su ɓace a tsakiyar layin da tsinken ya bi, a gefe kuma su kumbura su daina amfani. Ribar ƙanƙantar ƙwayoyi ba ta biyan wannan asara. Ku auna gefen layin, galibi can ne ya fi laushi.

Ku rage saurin juyi, ku ƙara saurin tafiya, ko ku sanyaya da ruwa, sannan ku maimaita gashin 175 ɗin. Amma kada ku zarce, don in zafi ya yi kaɗan rami ne zai biyo bayan tsinken ta ƙarƙashi, ba kuwa za ku gan shi daga sama ba. Ni ban cika son a mayar da farantin tanda a digiri 530 don dawo da taurinsa ba, domin a nan wasu ƙwayoyin kan yi girma fiye da kima, aikin cakuɗawar ya tashi a banza.