Ku Tambayi Anti: Zaman Hostel a Legas

Wannan satin saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan maganar wurin kwana ne a jami'a, tunda lokacin shiga sabon zango ya matso. Na ɗauki guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba insha Allah.

Tambaya: Salam Anti. Ni uwa ce a nan Agege, 'yata ta samu admishon a Jami'ar Legas, UNILAG, alhamdulillah, amma babanta yace sam bazata kwana a makaranta ba, ta dinga zuwa daga gida kullum tunda ai duk Legas ce. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu, ina tsoron kar ta lalace a hostel, kuma ina tausayin ta da wahalar hanya. Dan Allah me zan ce masa? Daga Maman 'yan biyu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a gama lafiya. Ni dai ra'ayina a fili yake, in ta samu gado a cikin makaranta a barta ta zauna. Kuma ba wai ban fahimci tsoron Alhaji bane, na fahimta sosai, duk uban da ya damu da inda 'yarsa take kwana uba ne nagari, amma mu ɗan zauna mu yi lissafin wannan "ai duk Legas ce" ɗin.

Hajiya kinfi kowa sanin hanyar nan. Daga Agege sai ta biyo Ikeja, Oshodi, ta sauka Yaba, sannan ta sake hawa wata motar zuwa Akoka inda jami'ar take, kuma lakcar ƙarfe takwas bata jiran kowa, wato yarinya zata fita daga gida ana idar da sallar asuba ko ma kafin nan, cikin duhu, ta tsaya a bakin titi tana jiran danfo. Eh nasan akwai jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa Agege yana tsayawa Yaba, kuma gaskiya ya rage wahala, amma jirgi lokacinsa yake bi ba lokacin malami ba, ranar da aka ɗaga lakca zuwa yamma ko aka sa tes ba zato fa? Okada ma da ake tsallake gosulo da ita tun 2022 gwamnatin jiha ta hana ta a ƙaramar hukumar Lagos Mainland inda Yaba take. Ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yasan yadda ya koma. Ki lissafa zuwa da dawowa na kwana biyar a sati har ƙarshen semesta ki ajiye a gaban Alhaji, maza suna jin maganar lissafi fiye da maganar tausayi.

Ni da kaina shekarar farko daga gida nayi ta zuwa makaranta, kuma abin da bana mantawa shine ba na iya buɗe littafi da daddare, ina isowa gida bayan isha'i jikina duk ya mutu, ga aikin gida yana jira tunda ai kina gida dole ki taya. Sakamakon wannan shekarar shine mafi rauni a duk karatuna kuma har na gama yana jan maki na ƙasa. Shiyasa nake magana da zafi a kan wannan, abin ya taɓa ni.

Toh maganar tarbiyya. Hajiya wacce tafi hatsari, yarinyar da take cikin ɗaki ƙarfe bakwai na yamma, a ginin mata zalla mai fota, wato mai lura da shiga da fita, a bakin ƙofa da doka a kan shigowar maza, ko wacce take Oshodi ƙarfe tara na dare tana neman mota? A UNILAG ɗakunan mata daban na maza daban, akwai Moremi, Madam Tinubu, Kofo Ademola, Fagunwa, kuma ki faɗa wa Alhaji wannan, zai ji daɗi: akwai hostel ɗin mata mai sunan Sarauniya Amina ta Zazzau, akwai mai sunan Makaman Bida, Aliyu Makama wanda yayi ministan kuɗi na Jihar Arewa zamanin Sardauna, a na maza kuma akwai El-Kanemi. Jami'ar tun 1962 take, kuma ta tarayya ce, ta kowa da kowa, bamu zama baƙi a cikinta ba. Akwai masallaci babba a cikin makarantar, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi MSSN, wacce ma a nan Legas aka kafa ta a 1954, kuma 'yan uwanmu Yarbawa Musulmi da suke riƙe da ita wallahi basa wasa da addini, zaki ga 'yan mata da dogon hijabi har ƙasa suna karatun likita da injiniya.

Bance babu lalacewa a hostel ba, akwai, nagani da idona. Amma wacce zata lalace ko a ɗakinki take kwana wayar hannunta ta ishe ta. Abinda zan baki shawara, kar ki tunkari Alhaji da gardama. Ki roƙe shi ranar da za'a kaita yaje da kansa, ya ga ginin, ya gaisa da masu kula da hostel ɗin, ya karɓi lambarsu, yayi sallar azahar a masallacin makaranta. A yi yarjejeniya duk Juma'a ko duk sati biyu ta dawo gida. Sau da yawa abinda mutum bai gani bane yake tsoro. In kuma ya tsaya a kan bakansa bayan duk wannan, toh a nemo wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, ya sa baki.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina aji biyu, an buɗe balot na hostel, wato rabon gadaje, ban samu ba, cikin ɗan lokaci komai ya ƙare. Yanzu wani ɗan aji huɗu yace zai sayar min da gadonsa amma kuɗin ya ninka na makaranta sau da yawa, wani abokina kuma yace in zo in yi skwatin, wato in raɓa a wajensa ba da sunana ba, kyauta. Wanne zan ɗauka? Daga ƙaninki a Mile 12.

Amsa: Ƙanena sannu, wannan ciwon kusan kowa ya ɗanɗana shi, ɗalibai sun ninka gadaje nesa ba kusa ba, kuma galibi 'yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe ake fara dubawa, ku na tsakiya sai abinda ya rage. Amma sayen gado kar ka soma. Sunan da ke kan takarda nashi ne ba naka ba, hotonsa ne a katin shiga, ranar da aka zo bincike da daddare kai za'a fitar da kayanka waje, kuma a yawancin makarantu laifi ne da zai iya kai ku gaban kwamitin ladabtarwa ku biyun. Kuɗinka kuma ya tafi, wa zaka kai wa ƙara a kan cinikin da tun farko haramtacce ne a dokar makaranta? Banda masu sayar da gado ɗaya wa mutum uku su kashe waya.

Skwatin shima karya doka ne, bazan ce maka halal bane, sai dai nasan da yawa da shi suka yi karatu, ɗakin mutum huɗu ka tarar da takwas. In ka shiga wannan ka sani kai baƙo ne, baka da lokar kanka, baka da bakin magana in an ɓata maka, kuma abokin naka kake jefawa cikin hatsari. Ni abinda nafi so maka, ka fara zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai da kanka ka rubuta takarda, wani lokaci akan sake sakin gadajen waɗanda basu biya a kan lokaci ba. Ka kuma sanar a masallaci da ƙungiyar ɗaliban jiharku cewa kana neman abokan haɗa haya, ku uku ko huɗu ku kama ɗaki ɗaya kusa da makaranta. Ka dai san hayar Legas, shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan ga na agrimen ga na koshon, wato kuɗin ajiya saboda ɓarna, kar ka ba kowa ko sisi sai ka shiga ɗakin da ƙafarka ka ga mai gidan, kuma ka tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga gidan da damina. In makarantarka ta gwamnati ce ka duba bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, akwai naira 20,000 duk wata na kashewa ga wanda ya nema aka bashi, ba zata biya haya ba amma zata riƙe maka kuɗin abinci.

Tambaya: Anti ni matsalata 'yan ɗakinmu ne. Mu shida ne ni kaɗai ce Bahaushiya, biyu suna addu'a da ƙarfi da waƙa har tsakar dare, in na tashi asuba kuma su ce alam ɗina yana damunsu. Suna ɗaukar tukunyata ba tambaya, ɗaya har "aboki" take kirana tana dariya. Kullum sai nayi kuka, ji nake in tattara in koma gida.

Amsa: Ƙanwata share hawayenki, kuma kar ki tattara ko'ina, gadon nan da kuɗin iyayenki aka biya, haƙƙinki a ɗakin daidai yake da na kowa. Saƙonki ya tsaya min a rai don nasan irin wannan kukan, na cikin bargo wanda ba'a so kowa yaji.

Bari in fara da inda mu muke da gyara. Mu an tarbiyyantar damu da kunya da kawaici, in an mana abu sai muyi shiru mu haɗiye muna jiran mutum ya gane da kansa. Toh a Legas ba'a karanta shiru. Wacce ta ɗauki tukunyarki taga baki ce komai ba, a wajenta kin yarda ne, bata ma san tayi laifi ba. Su a gidajensu an saba a faɗi abu kai tsaye da murya sama, a gama a ci abinci tare. Don haka ki buɗe baki, ba da faɗa ba, ranar da kowa yake cikin nishaɗi kice kina so a zauna a yi maganar ɗaki. Ki fara da naki: zan mayar da alam ɗina ya zama na girgiza in sa ƙarƙashin filo, bazan kunna fitila ba in na tashi asuba, ku kuma dan Allah bayan sha ɗaya addu'a ta koma ƙasa ƙasa ko a tafi ɗakin taro. Kinga kin bada kafin ki nema, da wuya a ƙi. Tukunya kuma ki faɗa musu dalili a fili, cewa akwai abinda addininki ya hana ki ci shiyasa bakya so a dafa komai a ciki sai kin sani. Yawancinsu in suka ji maganar addini ce suna girmamawa, don suma masu riƙo ne da nasu.

Maganar "aboki" kuwa kar ki bari ta wuce. Kalmar mu ce mai kyau aka ɗauka aka mayar ta raini, kuma ke da ita duk kun san da wace manufa take faɗa. Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban mutane ba, kice ga sunana, shi nake so ki kira ni dashi, wancan yana min ciwo. In ta daina shikenan. In ta cigaba akwai shugabannin ɗalibai na hostel, akwai fota, akwai malamar da aka ɗora wa kula da ginin, ki kai magana, wannan ba tsegumi bane.

Sannan wani abu da na gani yana aiki fiye da duk wani zaman sulhu: abinci. Ranar da kika dawo daga gida ki buɗe dambun nama ko kilishi ki miƙa wa kowa, ki dama kunun gyaɗa da safe ki zuba musu, in sun miƙo miki waken ewa agoyin da burodin Agege ki karɓa ki ci. Ki koyi gaisuwarsu ko guda uku ce. Wacce ta riƙe ni a asibiti dare biyu lokacin da zazzaɓi ya kwantar dani a aji uku Kirista ce daga gabas, kuma watan farko ni da ita ko gaisuwa bama yi. Da azumi ita take tashina sahur in na makara. Har yau muna zumunci, tazo bikina. Kuma ki nemi 'yan uwa a masallaci kar ki zauna ke kaɗai, kaɗaicin ne yake ƙara wa komai nauyi. Ki sake rubuto min bayan sati uku inji yadda ake ciki.

Tambaya: Anti kuɗin cizo sun hana mu barci a ɗaki, kuma kayana duk sun fara funfuna. Mafita?

Amsa: Kuɗin cizo ba'a yaƙarsu mutum ɗaya, in kai ka fesa magani maƙwabcin gadonka bai fesa ba gobe zasu dawo. Ku haɗu duk ɗakin rana ɗaya, a fitar da katifu rana, a wanke zannuwan gado da tafasasshen ruwa, a bi lungunan ƙarfen gado da tsagar bango inda suke ɓuya da ƙwansu, a maimaita bayan sati biyu saboda waɗanda zasu ƙyanƙyashe. Dan Allah banda zuba maganin ƙwari na gona irin su Sniper a ɗakin da za'a kwana, guba ne mai kisa, ku sa shugaban hostel ya nemi a yi feshi na hukuma. Funfuna kuma damshin Legas ne, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, kar ka ninke kaya sai sun bushe ƙarau, ka ɗaga akwati daga ƙasa, takalmin fata ka dinga fitar dashi iska. Ka haɗa da gidan sauro ma in kusa da ruwa kuke.