Bakanike ya caje ni kuɗin aikin da bai yi ba, ya halatta in hana shi cikon kuɗinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Na kai motata Peugeot 406 gareji a Kano saboda tana shaƙewa idan na taka totur. Bakaniken ya rubuta mini: famfon mai ₦45,000, bel ɗin tayimin da tenshina ₦60,000, takalman birki na gaba ₦18,000, baƙin mai da filta ₦30,000, kuɗin aiki ₦25,000, jimla ₦178,000. Na ba shi ₦100,000 ya sayo kaya, ya gama ya sakar mini motar a kan zan kawo ciko. Motar ta daina shaƙewa. Bayan kwana goma wani bakanike ya duba ya ce bel ɗin tsoho ne, famfon ma wanke shi kawai aka yi. Zan iya riƙe ₦78,000 ɗin? Kuma zan iya tona masa asiri a Facebook?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Haramcin karɓar kuɗin aikin da ba a yi ba babu saɓani a kansa, ba sai mun tsaya nan ba. Inda hukuncinka yake juyawa shi ne kalmar da ka faɗa a tsakiyar tambayarka: "na ba shi ya sayo kaya."

Da wannan kalmar ya zama wakilinka a kan ₦100,000, amana ce a hannunsa. Abin da ya sayo da ita naka ne a farashin da ya saya, abin da ya rage kuma naka ne. Yi lissafi: birki da baƙin mai ₦48,000. Ko da an bar masa kuɗin aikinsa cif, ₦73,000 ke nan. Idan maganar bakanike na biyu ta tabbata, babu wani ciko a kanka, kai ne ma kake binsa aƙalla ₦27,000. Kuɗin aikin kuwa sai an rage, domin sauya bel ne aiki mafi nauyi a jerin. Ana ba shi ladan da aka saba biya a kan birki, juyen mai da wankin famfo, gwargwadon ƙiyasin masana sana'ar.

Amma ɗan'uwa, na ce "idan ta tabbata." Har yanzu abin da ke hannunka maganar mutum ɗaya ce, kuma mutumin da aikin zai koma hannunsa idan ka yarda da shi. Wannan tuhuma ce da ke raunana shaida.

Famfon da bel ɗin kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Shin ya ce maka "sabo dal" ne, ko "zan canza" kawai ya ce? A garejojinmu ana yawan sa famfo na hannu, ɗan Beljiyam, kuma shi ma jikinsa ya yi ruwan ƙasa kamar wanda aka cire. Idan irinsa ya sa, to an yi aikin, saura a duba ko ₦45,000 ɗin shi ne farashin da ya biya. Tambaye shi abu biyu: ina tsohon da ya cire, kuma wane shago ya saya a Ƙofar Ruwa ko wani wuri, ku je tare. Bel kuwa ba a sa na hannu. Wanda aka sa kwana goma da suka wuce rubutun da ke bayansa yana nan raɗau. Tsoho bayansa ya goge yana sheƙi, da tsage-tsage a gindin haƙoransa. A duba notocin murfin bel ɗin da na fulin da ke ƙasan injin: idan ƙura da maiƙo suna nan a daskare, babu sawun sifana, ba a buɗe wurin ba.

Kada ka bari na biyun ya cire komai kafin na farkon ya gani da idonsa, a gaban wani bakanike na uku da ba shi da riba a lamarin. Ku ɗauki hoto. Idan aka riga aka cire, na farkon zai ce ba nasa ba ne, kuma motar ta kwana goma a hannunka.

Akwai masu cewa, har da wasu masu ba da fatawa, tunda motar ta daina shaƙewa to buƙata ta biya, yarjejeniyar ta zama ji'ala, wato lada a kan sakamako, don haka ya cancanci dukan kuɗin ko ta wace hanya ya bi. Suna ƙarawa da cewa al'adar gareji ce a rubuta "canji" alhali gyara aka yi, domin idan bakanike ya ce wanki kawai ya yi, mai mota ba zai biya shi ladan ƙwarewarsa ba.

Wannan magana ba ta da ƙafa a mas'alarka. Ji'ala ita ce ka ce masa "raba ni da wannan shaƙewar, zan ba ka kaza," ba tare da an ambaci kaya ba. Da haka kuka yi, ko da tsinke ya gyara ta, kuɗinsa ne halal. Amma shi da hannunsa ya rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farashinsa. Kuɗin da ke gaban "famfon mai" kuɗin famfo ne, ba ladan basira ba, kuma ba a karɓar kuɗin hajar da babu ita. Sannan mene ne alaƙar bel da shaƙewar da ta kai ka gareji? Wane sakamako aka samu a kansa da za a biya? Al'ada kuwa tana zama hujja ne idan ɓangarorin biyu sun santa, kuma ba ta ci karo da abin da aka faɗa ƙarara ba. Abin da dole sai an ɓoye wa mai mota kafin ya wuce, ha'inci ne da ya yawaita. Kukan cewa ana tauye wa kanikawa ladan gano matsala gaskiya ne, masu motoci da yawa suna da laifi a nan. Maganinsa bakanike ya ce "wanki na yi, ladana kaza," a yi ciniki a fili.

Kuma cutarwar ta wuce kuɗi. Mutumin da aka ce masa bel ɗinsa sabo ne zai saki jiki na shekaru. A injin 406 idan bel ya tsinke mota tana tafe, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Don haka da zarar an gama dubawa ka sauya shi, kada ka hau doguwar hanya da shi kana jiran a gama rigima.

Riƙe ₦78,000 ɗin ya halatta har a warware, amma ka faɗa masa dalili, kada ka riƙa kashe waya. Fara da shi ku biyu, domin yana yiwuwa ya ba yaran gareji aikin ne suka cinye kuɗin kayan. Hakan ba ya sauke lamunin daga kansa, amma yana sauya yadda za ka yi masa magana. Idan ya ƙi, kai ƙara wurin shugaban garejin ko ƙungiyar kanikawa, sannan Hisbah don sulhu, sannan kotu. A mazhabar Malikiyya shaida ɗaya adali tare da rantsuwarka ya isa a shari'ar dukiya. Idan kuma bincike ya nuna ya yi aikin, ka biya shi a ranar, ka nemi afuwarsa.

Batun Facebook ka ajiye shi. An yi wa wanda aka zalunta izinin faɗin zaluncin, amma ga wanda zai iya karɓo masa haƙƙi, ko ga wanda ya nemi shawararka a kan garejin. Yau ba ka da hujjar da ta kammala, kuma abin da ka rubuta ba zai gogu daga wayoyin mutane ba ko da kun sasanta gobe. Nan gaba ka sayo kayan da kanka ko ka bi shi kasuwa, kuma ka sharɗanta tun farko cewa duk abin da aka cire a sa maka shi a but.

Allah ne mafi sani.