An yi wa Baba aikin kaba, ga dabbobi cike da gida

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yau kwana 9 da aka yi wa mahaifina aikin kaba a gefen dama na mara. Shekarunsa sun haura 60. A ƙauye muke, wajen Funtua, kuma turken shanun noma da na awaki duk a cikin gidan suke, kaji kuwa har ɗaki suke shiga. Tun shekaranjiya yake cewa shi zai koma ba dabbobinsa dusa da kansa. Ga shi bakin ɗinkin yana ɗan tsatsafo da ruwa. Wani maƙwabcinmu ya ce a fasa kafso a barbaɗa, gwaggonmu kuma ta ce garin busasshen kashin shanu da man shanu ya fi busar da ciwo. Hankalina a tashe yake. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai ma sannu da ɗawainiya. Kafin komai, gobe da safe ku mayar da shi inda aka yi aikin. Tsakanin kwana 7 zuwa 10 ake cire zare idan ba mai narkewa ba ne, don haka dama lokacin komawa ya yi. Ruwa garai-garai ɗan kaɗan ba lallai ya zama matsala ba, amma sai an gani da ido, an taɓa. Idan kuwa wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi ko wari, ko ruwan ya koma mugunya, ko zazzaɓi ya kai 38, to kada ku jira gari ya waye.

Maganar barbaɗe-barbaɗen nan ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na gamu da ita. Mutanenmu sun ɗauka ciwon da ya bushe daga sama ya warke. Ɗinkin tiyata daga ciki yake haɗewa. Abin da aka barbaɗa yakan yi ɓawon burodi a sama, mugunya ta taru a ƙasa ba hanyar fita, sai ran da wurin ya fashe. Na taɓa cire wa wani dattijo irin wannan ɓawon, launin rawaya na garin kafso gauraye da toka. Ina ɗagawa ruwa ya biyo safar hannuna har wuyan hannu, ɗansa da ke riƙe da fitilar waya ya juya kai. Aikin da ya kamata a sallama cikin mako biyu sai da muka yi wata biyu muna wanke shi. Idan kuma an sa wa Baba raga a ciki don ƙarfafa wurin kabar, kamar yadda ake yi a aikin kaba da yawa yanzu, ƙwayar cuta ta kama ta, wani lokaci sai an sake yanka an cire ragar.

Kashin shanu kuwa, a ba gwaggo haƙuri. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma shanya ba ta kashe ta, takan yi shekaru a busasshen kashi tana raye. Abin da take nema shi ne rami mai zurfi da iska ba ta shiga, wato daidai ɗinkin da aka toshe da man shanu. Daga kwana 3 zuwa 21 sai ka ga muƙamuƙi ya sarƙe, mutum ya kasa buɗe baki ya sha ko kunu, baya ya sandare, ƙarar ƙofa kawai ta sa shi miƙewa. Nan ma sai a ce iska ce, a tafi wajen mai hayaƙi, a ɓata kwanakin da za a iya ceton rai. Matanmu suna samun allurar tetanus wajen awon ciki. Magidanci irin Baba fa, yaushe rabonsa da ita? Ku tambaya gobe, idan ya wuce shekara 10 ko ba a taɓa yi ba, a yi masa. Mai kemis ɗin da zai sayar muku da kafso a fasa, ko ya ce feshin shuɗin nan na ciwon dabbobi ma yana yi, ba shi zai kwana da ku a asibiti ba. Hannu da aka wanke da sabulu, da bandeji mai tsabta, da abin da ma'aikacin jinya ya ba ku, su kaɗai za su kusanci wurin.

Batun komawa turke, na san halin manomi, zama ya fi ciwon damunsa. Ya yi yawo a tsakar gida, ya je masallaci, tafiya tana hana jini daskarewa a ƙafa. Ya tsaya daga nesa yana ba da umarni. Amma jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, buhun dusa da damin harawa ma suna da nauyi, duk ya bar wa yara har mako 4 zuwa 6, huɗa kuwa sai wanda ya yi aikin ya yarda. Kada ya riƙe igiyar sa, fizga ɗaya ta isa, bunsuru kuma kansa daidai marar mutum yake. Sharar turke ba tasa ba ce yanzu. A kori kaji daga ɗakinsa, a sa masa gidan sauro ko da rana saboda ƙuda.

Ya ci ƙwai da nama da wake, ƙarya ce cewa suna kawo mugunya. Madarar da aka tatso a tafasa ta. Ya sha ruwa sosai da miyar ganye don kada ya yi yunƙuri a bayan gida, in tari ya zo ya dafe wurin da tafin hannu. In yana da ciwon suga, a auna shi goben tare da duba ɗinkin.